AIKIN GIDA NA ƳAN LAKWAL: MI UWAYE ZA SU YI?

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da na ƙauyuka duka. Barkanku da ƙoƙari.

Yau zancenmu a kan ɗiyanmu ne, waɗanda ke zuwa lakwal. Da marece yaro ya kan komo gida da kaye a hannu, ya ce: «Mushe ya ba mu aiki.» Wannan shi ne aikin gida. Wani lokaci lissafi ne. Wani lokaci karatu ne. Wani lokaci darasi ne da za ya hardace, gobe ya tashi tsaye ya faɗa gaban aji.

Uwaye da yawa su kan ce: «Ni ban yi lakwal ba, ban jin faransanci, ina ruwana da kayen yaro?» To, malam, da ruwanka. Ke ma, uwar gida, da ruwanki. Ku da kuka zauna a kan tabarma kuka koyi baƙaƙe da girmanku, kun san wuyar karatu. Kun san abin da aka koya yau, in ba a tuna shi ba da dare, gobe ya gudu. Haka yake ga yaro. A aji guda mushe yana da yara masu yawa. Ba ya iya zama kusa da kowane. Yaron da ba ya bita a gida, sannu sannu ake barinshi baya. Ƙarshen shekara a ce ya maimaita aji. In ya maimaita ya sake maimaitawa, sai ya gaji, ko uban ya gaji, a fidda shi. Shekarun da ya yi sun tafi a banza, ga shi bai iya karanta ko wasiƙa ba.

Abu na farko da yaro ke so gare ku, lokaci ne. Ba a karatu da yunwa, ba a karatu da barci a ido. In ya komo, ku bar shi ya sha ruwa, ya ci abinci, ya ɗan huta. In yana zuwa makarantar allo, ku duba lokacin da malam ke tara su, ku raba mishi. Ba a cewa a bar ɗaya don ɗaya. A gida da yawa, tsakanin magariba da lisha ya fi daɗi. A wani gida kuma sai da safe, bayan sallar asuba, kafin rana ta fito sosai. Ku zaɓi lokaci guda, ku riƙe shi kullum. Ƙaramin yaro na aji ɗaya ko aji biyu, wato CI da CP, minti 15 ko 20 sun ishe shi. Babba na aji biyar ko shida, CM1 da CM2, yana iya kai awa guda.

In lokacin ya yi, kar a aike shi. Wannan ita ce magana mai wuya. Yaro ya buɗe kaye, sai a ce tashi ka sawo goro, tashi ka ɗaure akuya, tashi ka kai ma maƙwabta tuwo. Kafin ya komo, ya mance inda ya tsaya. A yi aiken kafin nan, ko a jira ya gama. Mun san an buɗe lakwal a watan oktoba, daidai lokacin girbin hatsi da roron wake da cirar gujiya. Hannu ba ya isa a gona. Amma minti ashirin ba za su hana damma shiga rumbu ba.

Sai haske. A shimfiɗa tabarma wuri guda, a aje fitila kusa, ko tocila, ko fitilar nan mai ɗaukar hasken rana. Kar hasken ya zo ta bayan yaro, inuwar kanshi ta rufe takarda. A rage muryar rediyo. Wayar salula kuma, in ba don haska mishi ba, a ɗauke ta daga gabanshi.

Yanzu mu zo ga kayen kanshi. Ku ce mishi: «Kawo in gani.» Ko ba ku jin faransanci, akwai abin da idonku ke gani. A bisa shafi akwai kwanan wata, kuma lambobi iri ɗaya ne a hausa da faransanci. In yau 14 ga wata, kuka ga aikin ƙarshe na 3 ga wata ne, to ku tambaya: ina aikin sauran kwanakin? Ku duba jan bik na mushe a gefen shafi. In ya rubuta 8/10, yaro ya samu takwas cikin goma, ya yi ƙoƙari. In 3/10 ne, akwai gyara. In kuka ga TB, ma'anarshi ya yi kyau ƙwarai. B, ya yi kyau. AB, ba laifi. Ku duba kuma ko rubutun yana bin layi, ko an yage shafi, ko miya ta zuba a kai. Yaron da ya san ubanshi ko uwarshi za su buɗe kaye kowane dare, ba ya wasa da shi.

Game da karatu, akwai wurin da ya kamata ku yi hankali. Baƙaƙen da kuka koya su ne yaro ke koyo, amma ba duka ke da murya guda ba. Namu c, na «ciki» da «cuku», a faransanci wani wuri k ne, wani wuri s ne. Abin da muke rubutawa da u, su ou suke rubutawa. Namu sh, na «shanu», su ch suke sa wa. Kuma sau da yawa baƙin ƙarshen kalma ba a faɗinshi: a rubuta «riz», shinkafa kenan, a karanta «ri». Suna da p, q, v, x, waɗanda ba mu aiki da su. Mu kuma muna da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, su babu. Saboda haka in yaro ya karanta wani abu dabam da yadda kuka sani, kar ku yi saurin cewa ya ɓata. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Ku ce ya sa yatsa ƙarƙashin kalma, ya karanta da ƙarfi. In yatsan yana wuri guda baki yana gudu, to hadda ce yake yi, ba karatu ba. Ku nuna mishi kalma ta tsakiyar shafi, ku ce: wannan fa? In ya gama, ku ce ya ba ku labarin da hausa. Wanda ya gane, za ya iya faɗi. Wanda bai gane ba, za ya yi shiru, kun san ke nan inda ciwon yake.

Akwai makarantun da ake fara koyarwa da harshen gida. An buɗe irinsu ta farko da hausa a Damagaram a shekara ta 1973. In ɗanku a irin wannan yake, to kun huta: littafinshi da naku duk ɗaya, ku zauna ku karanta tare.

Lissafi kuwa, nan ne kuka fi ƙarfi. Wadda ke saida ƙosai, da wanda ke awon hatsi da tiya a kasuwa, ba a koya musu tarawa da ɗebewa. Ƙaramin yaro, ku yanka mishi tsinkayen kara, ku ɗaura goma goma. Ƙulli uku da tsinke huɗu, 34 kenan. Ko ku yi da tsakuwa, ko ƙwayar wake. Babba kuma, ku juya kayenshi: a bayan bango galibi an buga jerin ninkawa. Ku riƙe kaye, ku tambaye shi: bakwai sau takwas? Amsa tana gabanku a rubuce, 56. Ya faɗa da hausa, sannan ya faɗa da faransanci.

Amma ga wani tarko, ku saurara da kyau. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, lakwal kuwa da faran take ƙirgawa, wato tamma. Dala guda tamma 5 ce. A ce mushe ya ba da wannan aiki: an sayi kaye 3, kowane 125 F, nawa za a biya? Uba ya ji, ya ce a ranshi: 125 F dala ashirin da biyar ne, sau uku, dala saba'in da biyar. Lissafinshi daidai ne, a kasuwa ba mai cutarshi. Sai ya ce ma yaro: «Rubuta saba'in da biyar.» Yaro ya rubuta 75. Gobe mushe ya ja mishi jan layi, ya ba shi sifiri, don amsar lakwal 375 F ce. Yaro ya komo da kuka, ya ce baba ya sa shi ya faɗi. In kun ƙirga da dala, ku ninka sau 5 kafin a rubuta: 75 sau 5, 375.

Wannan labari ya nuna mana wani abu kuma. Kar ku ba yaro amsa. Kar ku sa wanshi ko yarshi su yi mishi aikin, shi yana kwance. Mushe za ya ga kaye ba kuskure, ya ɗauka yaro ya gane, ya wuce gaba. Ranar jarrabawa ba wa a cikin aji. Gara ya kai aikin da kuskurenshi, mushe ya gani ya gyara. Wa ko ya, aikinsu su bayyana mishi, su sake ba shi wani misali a kan allo, shi ya yi da hannunshi.

Kuma ban da duka. Ku tuna ranar da kuka fara riƙe alli, hannu yana rawa, b da d suna rikice muku. Da malamin yaƙi da jahilci ya ɗauko bulala, wa za ya komo washegari? In yaro ya samu 4 jiya, yau ya samu 6, ku ce mishi madalla, Allah ya yi maka albarka. In kun ga kullum yana matso da takarda kusa da ido, ko sai an yi magana sau biyu yake ji, kar ku ce daƙiƙi ne. Ku kai shi likita a duba.

Uwaye mata, ga taku. Ɗiya mace ta komo daga lakwal tare da ɗan'uwanta. Shi ya aje jikka ya zauna. Ita kuwa ga daka, ga rijiya, ga goyon ƙane, ga talla. Sai dare ya raba ta buɗe kaye, tana gyangyaɗi. Sannan a ce mata ba su da kai. Aikin da mushe ya ba shi, shi ya ba ta, jarrabawarsu guda. Lokacin da aka ware ma namiji, a ware mata. Ɗebo ruwa, namiji ma yana iyawa.

Daga ƙarshe, ku san mushen ɗanku, ko madam ɗinshi. Kar ku jira sai an kira ku don laifi. Ko sau ɗaya a wata, in an tashi daga aji, ku tsaya ku gaisa, ku ce: «Yaya yaron nan yake? A ina yake da rauni?» In aikin ya yi mishi yawa, ko bai gane ba sam, ku faɗa mishi. In an kira taron uwayen yara, ku je, mata ma su je.

A daren yau, in an gama tuwo, kowa ya kira ɗanshi ya ce a kawo kaye. Ku duba kwanan wata, ku duba jan bik. Gobe a wurin karatu ku gaya ma malaminku abin da kuka gani, wanda ya samu wata wahala ya sa a rubuto mana.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.