Jirgin Dako Mai Inji Huɗu da Garin da Aka Rufe wa Hanya

Ga jawabin shirinmu na wannan mako a rubuce, don wanda bai samu ji ba, ko wanda batir ya ƙare masa ana tsakiyar magana.

Yau kan wani tsohon jirgin sama za mu yi hira, jirgin soja na dakon kaya, sunansa C-54, ana kuma yi masa laƙabi da Skymaster. Na san wani zai ce, to mu da ke fama da shanu da buhuna, ina ruwanmu da jirgin Turawa? Ka yi haƙuri Alhaji, ka bi ni a hankali. Wannan jirgi aikin da ya yi suna a kai, aikinku ne: kai kaya inda ake bukata, a lokacin da aka rufe hanya.

Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi. Asali jirgin fasinja aka shirya, mai suna DC-4, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya riske shi tun yana masana'anta, soja suka karɓe. Ya fara tashi a watan Fabrairu na 1942. An ƙera kamar 1,170 don aikin soja. Inji huɗu gare shi, biyu a kowane fiffike, kowanne da farfelarsa. Faɗin fikafikansa ya kusa mita 36, tsawonsa ya haura mita 28. Yana ɗaukar soja hamsin, ko kaya tan goma.

Tan goma, mu mai da shi harshenmu: buhu 100 ke nan na masara mai kilo ɗari. Tirela mai ɗaukar tan 30 ta ninka shi sau uku. Kun ga ashe ba wani abin tsoro ba ne a idon ɗan kasuwar yau. Amma a zamaninsa babban abu ne, don yana tsallake teku da wannan kayan ba tare da gajiya ba, kuma idan inji ɗaya ya mutu a sama, ukun za su kai shi gida.

Lokacin yaƙin ma ƙasarmu ba ta rasa jin ƙarar jiragen dako ba. Akwai hanyar sama da Amurka da Ingila suka riƙa bi daga gaɓar teku, ta Akara da Takoradi, su biyo ta Kano da Maiduguri, su wuce Cadi da Sudan, daga nan Masar ko Indiya. Wanda ke da tsoho a gida da ya yi wayo a shekarun nan, ya tambaye shi, ƙila ya sha labari.

Manya ma sun hau shi. An gyara wa shugaban Amurka Roosevelt guda ɗaya, har da wata na'ura mai ɗaga shi da kekensa zuwa ciki, don ƙafafunsa sun shanye. A cikinsa ya tafi taron Yalta a 1945. Makiyaya ku saurara, sunan da aka laƙaba wa wannan jirgi na shugaba ma'anarsa "saniya mai alfarma". Har yau yana nan ajiye a gidan tarihi a garin Dayton na jihar Ohayo.

To, yanzu ga inda nake so mu daɗe.

Bayan an ci Jamus da yaƙi a 1945, ƙasashe huɗu suka raba ta: Amurka, Ingila, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Babban birnin, Balin, shi ma aka raba shi huɗu. Matsalar ita ce, birnin yana can cikin rabon Sobiyet, tazarar kilomita kamar 160 daga yankin sauran ukun. Wato mutanen yammacin Balin, su fiye da miliyan biyu, duk abin da za su ci ko su hura wuta da shi sai ya ratsa ƙasar wani kafin ya iso su.

Me ya kawo rigima? Kuɗi. A watan Yuni na 1948 ƙasashen yamma suka fitar da sabon kuɗi a yankinsu. Ku da ke canjin naira da sefa kullum, ba sai na yi muku bayanin abin da sabon kuɗi ke yi wa kasuwa ba. Sobiyet ta ƙi yarda. Ranar 24 ga Yuni ta rufe hanyar mota, ta rufe ta jirgin ƙasa, ta rufe ta ruwa, ta kuma yanke wutar lantarki. Gari ya zama kamar rijiya da aka janye wa guga.

Abu ɗaya ya rage, sama. Tun 1945 an yi yarjejeniya a rubuce kan hanyoyin sama guda uku zuwa Balin, kowace faɗinta kilomita 32. Hanyar ƙasa kuwa ba a rubuta komai a kanta ba, amana kawai aka yi. 'Yan kasuwa, wannan ku riƙe shi.

Ranar 26 ga Yuni aka fara jigila. Da farko da ƙananan jirage masu inji biyu, C-47, masu ɗaukar tan uku da 'yan kai. Lissafi ya ƙi fita. Garin na bukatar aƙalla tan 4,500 a kowace rana, kuma lokacin da ake ɓatawa wajen sauke ƙaramin jirgi kusan ɗaya ne da na babba. Sai aka shiga tattaro C-54 daga ko'ina a duniya, har suka haura ɗari biyu. Shi ya zama jakin wannan aiki.

Kar ku ɗauka abinci ne ya fi yawa a kayan. Kwal ne, gawayin ƙasa, kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da aka kai. Sanyin ƙasar ba irin hunturunmu ba ne da za ka yafa bargo ka hura kara. Can in babu wuta, mutuwa ce. Ƙurar kwal ta riƙa shiga kowane lungu na jirgin, ta shiga hancin matuƙa, ta cinye wayoyi. Abinci kuwa dabara aka yi masa: a busar da dankali, a kai madarar gari, a kai fulawa maimakon burodi, don kada a ɓata wuri wajen dakon ruwa. Mai kai kilishi nesa maimakon ɗanyen nama ya san wannan hikima tun kaka da kakanni.

Sai gishiri. Shi ya ba su wahala ta daban, don yana cin ƙarfen jirgi. Ingila ta kawo wasu jiragenta masu sauka a kan ruwa, waɗanda aka ƙera su don jure ruwan teku, su suka riƙa ɗauko gishiri suna sauka a wani kogi da ke gefen birnin, har sanyi ya zo ruwan ya daskare. Na karanta wannan na tuna ayarin Bilma. Raƙumi dai bai taɓa yin tsatsa ba.

A makonnin farko abin hargitsi ne. Ranar 13 ga Agusta 1948 aka yi hadari da ruwan sama mai ƙarfi a filin Tempelhof. Wani C-54 ya zarce ƙarshen titin sauka ya kama da wuta, na bayansa tayoyinsa suka fashe garin taka birki, na uku ya sauka a titin da ba a gama ba. Sauran suka taru a sama suna ta kewaye cikin gajimare, kamar garke a bakin mashaya ɗaya. Cikin masu kewayen har da sabon shugaban aikin, Janar William Tunner. Daga cikin jirgin ya ba da umarni duk a koma gida.

Dokokin da ya kafa bayan wannan rana, a ganina, su suka ceci garin fiye da ƙarfin inji. Kowane jirgi dama ɗaya gare shi ta sauka. In ya kuskure, ba kewaye, ba roƙo, ya juya da kayansa ya koma inda ya fito. Kowa ya tashi a gudu ɗaya, a bar minti uku tsakanin jirgi da jirgi. Hanyoyi biyu na shiga, ta tsakiya ta fita. Matuƙi ba zai bar gindin jirginsa ya tafi shan shayi ba, a nan za a kawo masa, a sauke kaya, cikin rabin awa ya tashi. Duk wanda ya taɓa kwana uku a layin kwastan ko duwan saboda mota ɗaya ta gitta a gaba, zai gane abin da mutumin nan ya hango.

Su ma mutanen gari ba zama suka yi ba. Su ne 'yan lodi, su ne masu sauke kaya, daga baya har makanikai. Da aka ga filaye biyu ba za su isa ba, dubban mutane, da yawansu mata, suka gina sabon filin jirgi a Tegel cikin kamar wata uku, da ɓaraguzan gidajen da yaƙi ya rushe. Sobiyet ta ce duk mai son abinci ya zo ya yi rajista a gabas. Kaɗan ne suka je. Suka zauna da wutar lantarki ta 'yan sa'o'i a rana, da ciki rabi.

Akwai wani matuƙi, Gail Halvorsen, da ya tarar da yara a bakin wayar filin jirgi suna kallo. Cingam biyu ne kawai a aljihunsa. Ya ba su, suka raba, waɗanda ba su samu ba suka riƙa shinshinar takardar. Ya yi musu alkawari gobe zai jefo musu alewa daga sama, kuma zai kaɗa fikafikai don su gane shi ne. Ya ɗaura alewar a hankici ta riƙa saukowa kamar lema. Bai nemi izini ba, ya kusa shiga matsala, amma manyansa suka ce a ci gaba. Ya rasu a 2022 yana da shekara 101.

A tsakiyar Afrilu 1949 Tunner ya so ya nuna iyakar abin da za su iya. Cikin awa 24 aka yi sawu 1,398, aka kai kwal tan 12,941. A lissafin tirela mai tan 30, fiye da tirela 430 ke nan a yini da kwana, kusan kowane minti jirgi na sauka. Wata guda bai cika ba, ranar 12 ga Mayu, Sobiyet ta buɗe hanya. Ba a daina jigila ba sai ƙarshen Satumba, don a tara ajiya ko za a sake rufewa. Gaba ɗaya an yi sawu fiye da 270,000, an kai kaya tan miliyan biyu da dubu ɗari uku.

Ba kyauta aka yi ba. Amurkawa 31 suka mutu, 'yan Ingila kusan 40, ga Jamusawa ma'aikata. Kuma kar mu ruɗi kanmu, jama'a. An yi wa Balin wannan hidima ne saboda manyan ƙasashe na da abin da suke tsoron rasawa a can. Garuruwa nawa aka rufe wa hanya a duniya tun daga lokacin, ba wanda ya turo ko jirgi ɗaya?

Bayan Balin, C-54 ya tafi yaƙin Koriya a 1950, yana kai kaya, yana dawowa da waɗanda aka raunata. Sannu a hankali sababbin jirage suka ture shi, sojan Amurka suka sallame shi a shekarun 1970. Da yawa an sayar wa kamfanoni, kamar yadda tsohuwar motar soja ke komawa jigilar hatsi. Wasu suka koma kashe gobarar daji, wasu kai man fetur da abinci garuruwan arewacin Kanada inda babu titi. Ɗaya na tsaye yanzu a gefen filin jirgin Frankfurt, wurin da aka gina don tunawa da jigilar.

Nan za mu dakata. Bayan wannan sai farashin dabbobi da hatsi daga kasuwannin kan iyaka, a shafi na gaba.