AIKIN YARA CIKIN IKILISIYA: JAWABIN BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN, YASORE

Karatu: Littafin Mahukunta 2:6-10, Markus 10:13-16



Muna godiya ga Allah da ya bar mu da rai har muka ga wannan rana. Da yawa waɗanda suka fara wannan aiki sun riga mu zuwa gida. Kwamitin shirye-shirye ya ba mu kan magana game da aikin yara da masu yinsa, mun kuwa karɓa da tsoro, gama a nan ne muka fi yin sakaci.

GABATARWA

A Littafin Firistoci sura 25, Ubangiji ya umarci Isra'ila su keɓe shekara ta hamsin, a busa ƙaho, kowa ya koma ga gādonsa da danginsa. Ashe shekara ta hamsin lokaci ne na duba gādo. Kowane manomi a cikinmu ya sani, kome tsananin yunwar bazara, akwai damin da ba a taɓawa a rumbu, wato iri. Wanda ya cinye irinsa ya ƙoshi yau, amma ranar da ruwan shuka ya sauka zai tsaya yana kallon gonakin mutane. Yaran nan su ne irin ikilisiya.

Karatunmu na fari ya nuna mana cewa bayan rasuwar Joshuwa da dattawan zamaninsa, wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Ku lura, 'yan'uwa, ba Kan'aniyawa ne suka hana yaran sani ba. Iyayen da suka ga rushewar garun Yariko da idonsu, su ne ba su zauna sun faɗa wa 'ya'yansu ba.

TARIHI KAƊAN

Makarantar Lahadi ta bazu ne daga birnin Gulosta na ƙasar Ingila a shekarar 1780, ta hannun wani mai buga jarida, Robert Raikes. Ya ga 'ya'yan talakawa suna aiki kwana shida, ran Lahadi kuwa suna yawon banza a titi. Sai ya nemi mata su riƙa koya musu karatu da Maganar Allah. A 1883 kuma, a birnin Gilasgo, wani malamin Makarantar Lahadi mai suna William Smith, da samari suka gagare shi a aji, ya kafa ƙungiyar Birget ta maza, wadda ta iso Nijeriya a 1908. Dukansu biyu ba fastoci ba ne. 'Yan ikilisiya ne da suka ga yara, abin ya dame su.

A ƙasarmu, masu bishara uku na farko na mishan SIM, wato Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, sun sauka a Ikko cikin Disamba 1893. Biyu daga cikinsu sun rasu a shekara ta gaba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin harshen Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Wajen ƙarshen shekarun 1930 mishan ya fara jinyar masu ciwon kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, inda mutane da dama suka koyi karatu, suka koma ƙauyukansu da littafi a hannu. A 1954 aka kafa ECWA, a 1979 kuma muka sami sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki.

Mu da kuke gani da furfura yau, mu ne yaran da ke zaune a ƙasa lokacin da aka fara sujada a nan cikin rumfar kara. Ba benci, ba allo. Da tsinke aka koya mana baƙi da wasali a kan rairayi. Wanda ya koya mana manomi ne, karatunsa ma da ƙyar yake haɗawa, amma bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Daga wannan aji aka sami fastoci, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da dattawan da ke zaune a gabanku.

INDA MUKA YI SAKACI

Bari mu faɗi gaskiya a gaban Allah. Da ikilisiya ta yi girma, sai muka mai da Makarantar Lahadi wurin kawar da surutu. In lokacin wa'azi ya yi, mai shela ya ce yara su fita, sai mu tura su gindin bedi tare da duk wata yarinya da ba ta da abin yi. Mun zauna taron majalisa sau da yawa a kan kwanon rufi, da lasifika, da anko na biki, amma ba mu tuna ranar da muka kwana muna shawara a kan littafin darasin yara ba. Almajirai sun tsawata wa masu kawo yara wurin Yesu, Markus kuwa ya ce ran Ubangiji ya ɓaci. Mu ba mu tsawata da baki ba, amma mun yi da kasafin kuɗinmu.

Akwai abin da har yau yake damunmu. A wata ikilisiya da muka yi aiki muna sabon fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki, wani malami ya zane wani yaro da tsumagiya don ya kasa ayar haddacewa. Muka ji, muka yi shiru, don malamin ɗan babban gida ne. Yaron bai sake taka majami'a ba. Daga baya muka gane ashe bai iya karatu ba ne, kiwo yake zuwa. Wannan laifi namu ne, ba na yaron ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Ba sai an gaya wa mutumin Batsari ko Safana abin da ya fito mana daga dajin Rugu ba. Mun binne 'yan'uwa, maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu. Iyalai sun watse zuwa Batsari, da Dutsin-Ma, da Katsina. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta kimiyya a Ƙanƙara, aka rufe makarantu. A Satumba 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da namu biyu. Yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru, waɗansu sun kai shekara goma sha biyu ba su iya rubuta sunansu ba. Waɗansu marayu ne. Waɗansu in ƙofa ta buga da ƙarfi sai su zabura. Su ne Allah ya danƙa a hannunmu, ba yaran da ke cikin hotunan littafi ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Zaɓen malamai. A Fitowa 18, Yetro ya ga Musa yana ɗaukar kaya shi kaɗai, ya shawarce shi ya zaɓi mutane masu tsoron Allah, masu gaskiya, ya sa su bisa dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma zaɓa aka ce, ba tsinta ba. Malamin yara ya zama wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aƙalla shekara guda a cikinmu, mai kyakkyawar shaida a gida da kasuwa. Majalisar dattawa ta zauna da shi kafin a ba shi aji, a kuma yi masa addu'a a gaban jama'a kamar yadda ake yi wa dattijo. Kada a bar wa matasa kaɗai, gama yau suna nan, gobe sun tafi makaranta ko ci-rani. Muna so mu ga magidanta da iyaye mata a cikin aikin.

2. Horo. Sabon malami ya yi wata uku yana mataimaki kafin ya riƙe aji. Kowace Asabar da yamma malamai su taru, fasto da kansa ya bi darasin gobe tare da su. Malamin da ya buɗe littafin darasi a karo na fari a gaban yara, yaran sun riga sun gane shi.

3. Raba aji. Ba a haɗa ɗan yaye da ɗan shekara goma sha uku. A yi aji huɗu: 'yan ƙasa da shekara 6, 'yan 6 zuwa 9, 'yan 10 zuwa 13, sai ajin baftisma. Kada aji ya wuce yara 20. Ƙanana labari ɗaya, aya ɗaya, waƙa ɗaya sun ishe su. Manya kuwa a bar su su yi tambaya, ko da tambayar mai nauyi ce, irin ta yaron da ya ce me ya sa Allah ya bari aka kashe babansa. Malami kada ya yi masa tsawa. Ya zauna da shi, ya kuma kawo shi wurin fasto.

4. Ajin karatu. Mu komo ga abin da iyayenmu suka fara da shi. Kwana biyu a mako, duk wanda ya yi sakandare a cikinmu ya ba da awa guda ya koya wa yara karatu da rubutu da Hausa. Wannan ba ya maye gurbin makarantar gwamnati, kowane yaro, mace da namiji, a sa shi makaranta. Amma yaron da ba ya iya karanta Littafinsa, bangaskiyarsa aro ce.

5. Kiyaye yara. Kowane aji ya kasance da manya biyu, babba kuma kada ya keɓe da yaro a ɗaki. A ajiye littafin sunaye na takarda, da sunan yaro, da mai riƙonsa, da unguwarsu, gama mun ga ranar da waya ta zama banza. A kira suna a farko da ƙarshe. Taron yara ya tashi da sauran rana, ba kwanan addu'a ga yara. Kowane malami ya san inda zai bi da ajinsa in an ji ba daidai ba. An hana bulala. In wani ya ɓata yaro ko yarinya, ko wane ne shi, ba za a rufe don kare sunan ikilisiya ba; a cire shi, a sanar da iyaye da hukuma. Ku karanta Matiyu 18:6 ku ga yadda Ubangiji ya ɗauki wannan magana. Ɗan maƙwabci kuma ba ma karɓarsa sai da sani da yardar iyayensa, domin mu zauna lafiya da kowa.

6. Kuɗi. Baikon yara ya tsaya a aikin yara, ma'aji ya ba da lissafinsa dabam. Daga baikon godiya na kaka a ware rabo domin littattafan darasi, da allo, da alli, da tabarmi, da randar ruwan sha. Sa'ad da za a sake yin gini, rumfar yara ce ta fari.

7. Kula da malamai. Ba a biyansu, amma ba bayi ba ne. A yi musu juyi, kowa ya sami Lahadi ɗaya a wata ya zauna ya ji wa'azi. Da damina Zumuntar Matasa ta yi musu gayya a gona. In malami bai zo ba, a je a duba lafiyarsa kafin a yi gunaguni. Sau ɗaya a shekara a keɓe Lahadin yara, su ja sujada, a gode wa malamansu a fili.

GA IYAYE

Awa 168 ke cikin mako, malami yana da ɗaya ko biyu. Sauran naku ne. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ga iyaye aka faɗe ta, cewa su koya wa 'ya'yansu a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. Bangaskiyar Timoti ta bi ta kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku mai da addu'ar iyali bayan tuwon dare. Ku tambayi yaro ayar da aka ba shi. Ran Lahadi kada a tura shi kiwo ko talla. Ku da za ku ƙaura kuma, ku karɓi takarda daga fasto zuwa ikilisiyar inda za ku, da sunayen yaranku a ciki, don kada su ɓace a birni.

KAMMALAWA

A Yahaya 6, cikin taron dubu biyar, yaro ne aka samu da gurasa biyar da kifi biyu, amma sai da Andarawas ya lura da shi ya kawo shi wurin Yesu. Muna neman irin su Andarawas. Kafin mu tashi daga wannan biki, muna roƙon mutum goma, maza biyar, mata biyar, su ba sakataren ikilisiya sunayensu, su yi alkawarin shekara biyu. Za a fara horonsu Asabar ta fari ta watan gobe.

In Ubangiji bai dawo ba, za a yi bikin shekara ɗari, mu kuwa ba ma nan. Wanda zai tsaya a wannan wuri ya yi jawabi, mai yiwuwa yana kan tabarmar can yanzu. Abin da zai faɗa game da mu, daga yau za mu fara rubuta shi.

Allah ya ba ƙasarmu salama, ya komo da waɗanda suka watse, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya kuma kai kowa gidansa lafiya. Amin.