Binciken Ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello: Daga Gonakin Samaru zuwa Ɗakin Haihuwa



An nemi in yi magana a kan binciken da jami'a ke samarwa a fannoni daban-daban. Na zaɓi in tsaya a kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962, domin ita ce uwar wasu daga cikin jami'o'inmu na Arewa, kuma ta tara noma da likitanci da tarihi da shari'a da injiniyanci a inuwa ɗaya. Abin da nake son nunawa shi ne, binciken da ya fi fito da sunan Zariya daga matsalolin mutanen da ke bakin ƙofarta ya taso, kuma galibinsa sai da ya tsallake iyakar sashe guda kafin ya sami amsa.

Bari in fara da noma, tunda ya girmi jami'ar kanta. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, kuma wannan tashar ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. Duk manomin da ya sayi iri ya ga an rubuta SAMMAZ ko SAMSORG ko SAMNUT a jikin buhu, to masara ko dawa ko gyaɗar Samaru ya ɗauko, ko bai taɓa taka Zariya ba. A ƙarshen 2019 aka amince da fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya yi shekaru yana aiki a kansa, mai jure wa tsutsar nan da ke cinye fure da kwanson wake. An ba da rahoton cewa ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu a damina. Akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma suna da haƙƙin a ba su amsa da hujja, da harshen da suke ji.

Amma aikin da na fi so mu tsaya a kansa ba na iri ba ne. A tsakiyar shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa na sashen nazarin tattalin arzikin karkara suka tura ma'aikata ƙauyukan Hanwa da Doka da Dan Mahawayi. A lokacin malaman gona suna ta fama da manomi ya daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ana ganin wannan rashin wayewa ne. Ma'aikatan nan suka riƙa bin gidaje suna rubuta wane ne ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, buhu nawa ya girbe. Da aka tattara lissafi sai ya nuna manomin ne ke da gaskiya. Haɗa shuka ya fi ba shi riba a kan gumin da ya zuba a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noman firi ke rutsa shi hannu ya yi ƙaranci, kuma idan ruwa ya ɗauke dawa ta ƙi, gero ya riga ya shiga rumbu. Wannan aiki na cikin tushen abin da duniya ta zo ta kira binciken tsarin noma na ƙananan manoma. Masanin tattalin arziki da masanin tsirrai da masanin zamantakewa ne suka zauna a kan gona ɗaya, suka yarda su fara saurare kafin su koyar.

Haka abin yake a asibitin koyarwa. A shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin ƙafafu da haki, zuciya ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi diddigi, suka wallafa sakamakonsu a 1978. Sai da suka leƙa ɗakin mai jego kafin su gane bakin zaren: kunun kanwa da ake ɗura mata, gishirinsa na tara ruwa a jiki, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ga kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Sun kuma ga cutar ta fi tsananta a lokacin zafi da damina. Na'urar sauraron ƙirji ba za ta gaya wa likita wannan ba, sai ya tambayi ungozoma da kakar jariri.

Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta Jihar Ribas, ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga shi a 1985. Ya nuna cewa mace-macen sun fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su je awo ba sai da naƙuda ta yi tsanani, da 'yan matan da suka ɗauki ciki ƙugunsu bai gama buɗewa ba, waɗanda da yawansu ke ƙarewa da yoyon fitsari. Ya kuma gano cewa yarinya mai ciki idan an ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, tana iya ƙara tsawo kafin ta haihu. Likitan mata ne, amma inda bincikensa ya kai shi shi ne batun karatun 'ya mace. A shekarun 1970 ɗin ne kuma, a Zariya, Brian Greenwood ya yi aikinsa a kan sanƙarau, David Warrell kuma a kan saran kububuwa.

A ɓangaren tarihi, Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya horar da ɗalibai su koma ga rubuce-rubucen Larabci da na ajami da bakin dattawa. Daga wannan makaranta Yusufu Bala Usman ya fito da littafinsa kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, Mahdi Adamu kuma ya bi sawun Hausawa a Afirka ta Yamma. A fannin kimiyya kuma, a Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta fitar da kazar ƙwai ta ShikaBrown mai jure zafinmu. Marigayi Farfesa Andrew Nok ya ci lambar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 kan aikinsa game da ƙwayar cutar sammore. A cibiyar binciken makamashi ta CERT kuwa akwai ƙaramar tukunyar nukiliya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, ana auna sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci da ita.

To yau fa? Ana bincike, har ma takardun sun fi na da yawa nesa ba kusa ba. Damuwata ita ce ma'aunin da muke auna su da shi. Malami ya san ƙarin girmansa na rataye ne a kan adadin maƙalu, don haka sai ya yanka aiki ɗaya gida huɗu, wani lokaci ya biya kuɗi a buga masa a mujallar da babu mai tantancewa. Wanda ya kwashe shekara uku yana bin ƙauye ɗaya kamar yadda aka bi Dan Mahawayi, abokan shigarsa za su wuce shi. Wanda ya haɗa kai da wani sashe kuma, kwamiti na iya ce masa wannan ba fanninsa ba ne. Ga yajin aiki, irin na wata takwas a 2022, da ke katse gwajin da damina ba ta jira. Alhali matsalolinmu ba su san sashe ba. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 tana bukatar masanin duwatsu da likitan yara da masanin tattalin arziki, har da malamin addini da zai yi wa magidanta bayanin haɗarin daka dutsen zinariya a tsakar gida.

Shawarata ga majalisar dattawan jami'a da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ita ce a ware wani kaso na kuɗin bincike ga ayyukan da aƙalla tsangayoyi biyu suka haɗu a kansu, na tsawon shekara biyar ko fiye, a ƙauyuka ko unguwanni sanannu, kuma a ba kowane mahalarci cikakken maki a wurin ƙarin girma. Sannan ga batun harshe, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Dubban kundaye na jibge a Laburaren Kashim Ibrahim, an tattaro bayanansu da Hausa daga bakin manoma da masu jego da makiyaya, an rubuta su da Turanci, waɗanda suka ba da bayanin ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Ina roƙon a wajabta wa duk ɗalibin digiri na biyu da na uku ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa, shafi biyu, da harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu, Hausa ce ko Fulfulde ko Kanuri ko Tyap. Sashen harsuna ya duba masa, cibiyar yaɗa ilimin noma ta NAERLS, wadda dama ta saba kai saƙo ga manoma ta rediyo, ta ɗauki waɗanda suka dace, kuma kada a sa hannu a kundin sai ɗalibin ya koma garin ya karanta wa mutanensa abin da ya gano.