Sauro Da Zazzaɓin Damina

Ga damina ta kankama, saboda haka yau maganarmu a kan sauro ce.

Mutane da yawa sun ɗauka dukan ruwan sama ko cin sabuwar masara ke kawo wa yara zazzaɓi. Ba haka ba ne. Tun cikin 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar a cikin tumbin sauro a ƙasar Indiya. Tamatar ce mai cizo. In ta sha jinin mai ciwo, ƙwayar ta kan yi kamar kwana 10 tana girma a jikinta, sa'an nan ta ciji mai lafiya ta zuba masa.

To, wannan sauro da dare ya ke farauta, don haka babu kariyar da ta fi gidan sauro mai magani. Amma na sha shiga gida in tarar da shi a cikin adaka ko buɗewa ba a yi ba, wai zafi. Wani ma shingen lambu ya yi da nasa! Maigida, tumatir ya fi ɗanka ne? A rataya shi kowane dare, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. In ya yage a ɗinke, in an wanke a shanya a inuwa. In bai ishi kowa ba, mace mai ciki da yaran da ba su kai shekara 5 ba su ne kan gaba.

A ruwa kwantacce sauro ke ƙwai, ko da na sawun kofaton saniya ne, cikin kwana 10 kuwa sun tashi. Ku cike ramukan bayan gida da ƙasa. Ku rufe randa, ku kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, gama nan ne wani irin sauro mai cizon rana ke haihuwa, mai kawo ciwon shawara. Wannan akwai allurarsa, ana yi wa yaro yana da wata 9.

In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan a gwada jininsa. In ya sandare yana fizge-fizge, kada a tsaya turare ana cewa iskoki ne. Maganin na kwana 3 ne. Uwargida, ki ba shi duka, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.