Isuwa da Kwanon Fate: Matasanmu da Shaye-shaye

Karatu: Farawa 25:29-34, Karin Magana 25:28

Gaisuwa ta musamman ga iyalanmu da neman abinci ya kai Inugu, a Asata da kewaye, da waɗanda ke Anacha da Fatakwal.

Yau za mu dubi Isuwa. Ya dawo daga jeji a gajiye, yunwa na cinsa, ya tarar ƙanensa Yakubu ya dafa fate. Bai iya jira ba. Nan take ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwano ɗaya. Ibraniyawa sura 12 ta nuna mana cewa daga baya ya nemi albarkar da hawaye, amma bai samu ba.

Iyaye, yawancinmu muna da Isuwa a gida. Likitoci sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum. Da shi ake tsara aiki, a riƙe saƙo, a jira, a ce wa kai a'a. Wannan sashe ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, alhali kuwa son jin daɗi ya farka tun farkon balaga. A wasu yaran birkin ya fi rauni. Ka aike shi ya manta, ya fara aiki bai gama ba, abu kaɗan ya hasala. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Irin wannan yaro ya fi saurin karɓar abin da aboki ya miƙa masa, ƙwayar kuma ta ƙara lalata birkin.

Abin miƙawar kuwa yana nan bakin ƙofarmu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Zuwa 2021 ƙwayar da ake kira mkpuru mmiri ta tayar da hankalin garuruwan Kudu maso Gabas. Ga tiramol, da ake ruɗin yara da shi wai yana ba da ƙarfin aiki.

Karin Magana ya kwatanta marar kamun kai da birnin da ganuwarsa ta rushe. To, kafin ganuwar yaro ta ginu, iyaye ne ganuwarsa. A Arewa kawu da gwaggo da kaka duk suna sa ido. A baƙon wuri kuwa sai mu da ikilisiya.

Saboda haka a sa lokacin dawowa gida da na barci, a tsaya a kai. A ba yaro aiki ɗaya, in ya gama a yaba, sannan a ƙara wani. Ku san abokansa da iyayensu. Ku koya masa tun a gida abin da zai faɗa ranar da aka miƙa masa kwalba. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su fusata. Duka da zagi ba sa gina ganuwa, ɓoyewa kawai suke koya wa yaro.

In kuwa ya riga ya fara, kada kunya ta sa ku rufe. Ku shaida wa fasto, ku kai shi ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a New Haven, nan Inugu. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Kai kuma saurayi, ke budurwa, kamun kai yana cikin albarkar Ruhu da Galatiyawa sura 5 ta lissafta. Ku roƙa, Allah zai ba ku. Gādonku ya fi kwanon fate.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare 'ya'yanmu a ƙasar baƙunci, ka ba mu haƙuri da hikimar renonsu, ka komo da waɗanda suka bauɗe. Cikin sunan Yesu. Amin.