Ciwon Makogwaro da Ciwon Zuciyar Yara: Me Ake Gada?



Akwai gidajen da za a ga yaro ya yi kumburin ƙafa da haki, bayan 'yan shekaru ƙanwarsa ma ta kama. Sai a fara raɗa, wai baki ne ke bin gidan, har a guji auren 'ya'yansu. A kan wannan nake so mu yi magana.

Ciwon yana farawa ne daga makogwaro. Wata ƙwayar cuta mai suna Streptococcus takan kama yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. Jiki yana da dakarunsa masu yaƙi da cuta. A jikin wasu yara, bayan mako 2 ko 3, dakarun sai su ruɗe su afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, domin ƙwayar ta yi kama da naman wurin. Kamar karen gida ne ya kori ɓarawo, ya juyo ya ciji mai gida. Zafi yakan tashi daga gwiwa ya koma idon sawu. Wata yarinyar kuma hannuwanta su riƙa motsi ba da sonta ba, a ce iskoki ne.

To, ina gado ya shigo? Tun 1889 wani likita a Ingila, Cheadle, ya lura ciwon yana bin dangi. Binciken tagwaye na 2011 ya nuna idan masu kama ɗaya ne, ɗaya ya kamu, a kashi 44 cikin 100 ɗayan ma yakan kamu. Ga waɗanda ba su kama ɗaya, kashi 12 ne. Masana suna duba ƙwayoyin gado da ake kira HLA, masu nuna wa dakarun jiki wanene baƙo. Saurin ruɗewar nan ake gada, ba ciwon ba. Sai ƙwayar ta shiga an bar ta ba magani. Cunkoso a ɗaki ɗaya, yadda muke kwana lokacin hunturu, shi ke yaɗa ta.

Saboda haka yaro mai zazzaɓi da ciwon makogwaro, kada a kai shi wurin wanzami a cire beli, kada kuma a sayo ƙwaya biyu a kemis. A kai shi asibiti. Idan an ba da magani na kwana 10, a shanye duka. A gaya wa ma'aikacin lafiya in wani a gidan ya taɓa wannan ciwo.

Wanda ya riga ya kamu yana bukatar allurar fenisilin kowane mako 3 ko 4, shekaru da yawa, ko da yana jin garau. Nan ne yawanci ake gajiya, ga kuɗin mota zuwa Malumfashi ko Funtua, ga aikin gona. Hoton zuciya kuwa akan tura mutum Shika a Zariya, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ina roƙon zumuntar mata ta rubuta sunayen yaran da ke kan allura, da ranar kowa, a riƙa tuna wa iyaye ran Lahadi.