Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Na Bi Sawun Kakanninmu Daga Gwarzo Zuwa Kabo



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai waɗanda suka ɗora mu a kan hanya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Lokacin da sakataren ƙungiya ya nemi in yi jawabi a taron bana, na ce masa ni ba masanin tarihi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne kurum wanda ya saba da jan fayil. Ya ce ai labarin fayil ɗin nan na gidanmu da na taɓa ba shi, shi yake so in maimaita. To, ga shi nan, kuma ina roƙon malamanmu na Tarihi su gyara mini inda na yi tuntuɓe, kamar yadda suka saba.

Ba sha'awar ilmi ce ta sa ni bin salsalar gidanmu ba, rigimar gona ce. Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, muna shirin rabon gado sai ga waɗansu dattawa biyu daga wani ƙauye a ƙasar Kabo. Suka yi ta'aziyya, sa'an nan suka ce suna da haƙƙi a tsohuwar gonar gandu da ke bayan ƙauyenmu a ƙasar Gwarzo, domin wai kakansu da kakan mahaifina uba ɗaya ya haife su. Baffana ya fusata, ya ce bai san su ba, mu mutanen Gabas ne, kakanmu daga Barno ya zo shi kaɗai da allonsa, ba mu da dangi a Kabo. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, sai aka ɗora mini aikin nemo hujjar da za a kore su da ita. Ina so ku riƙe wannan: na fita ne domin in ƙaryata mutane, ba domin in nemi gaskiya ba.

Na fara da takarda. A ɗakin marigayi kakana akwai wata tsohuwar gafaka wadda ba mai taɓa ta sai in za a share ɗaki. A cikinta muka sami littafin Risala rubutun hannu, gara ta ci gefensa, kuma a bayan warƙar ƙarshe ga waɗansu layuka da tawadar da ta koɗe. Na kai wa wani malamin zaure wanda idonsa ya saba da tsohon rubutu. Ya ce wannan al'adar malaman da ce, mutum ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da rasuwar iyayensa a bayan littafinsa. Layi na farko ya nuna an haifi kakan mahaifina a shekara ta 1320 ta Hijira, kuma an ƙara da cewa shekarar da Nasara suka shiga Kano ce. Na koma na duba: Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma wannan wata yana cikin 1320 ɗin. Ga mai son lissafin, a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622, za a sami ta Miladiyya ko kusa da ita. A ƙarƙashin wannan layi kuwa akwai sunan wani ɗa namiji, daga wata matar daban, wanda ban taɓa jin an ambace shi a gidanmu ba. A gaban sunansa an rubuta 1332, da kalma guda wadda malamin ya fassara mini da "ya tafi".

Daga takarda sai na koma ga baki. Mazan gidan duk magana ɗaya suke yi, ta Barno. Amma akwai gwaggon mahaifina, wadda ta haura tamanin da biyar, wadda ba a taɓa tunanin tambayarta ba domin mace ce. Na zauna da ita yammaci uku, na ɗauki muryarta a waya. Da na ambaci Barno sai ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, in mu Barebari ne, ina wasanmu da Fulani? Ka taɓa ganin Bafillatani ya tsokane mu a kasuwa?" Ta ce abin da ta ji daga bakin mahaifinta shi ne, daga kudancin ƙasar Katsina aka taso da ubansa yana yaro, hari ne ya koro su, suka fake a gari mai ganuwa. Da ya girma ya tafi Gabas karatun Alƙur'ani, ya yi shekaru, ya komo. Watau "ya je Gabas" ita ce bakin mutane ya juya ta koma "daga Gabas ya zo". Da na tambaye ta yaron da ya tafi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Shekarar Kakalaba ce. Abinci ya ƙare, uwarsa ta ɗauke shi ta koma wurin danginta wajen Kabo, ba ta dawo ba. Baba har ya rasu yana maganar ƙanen nan nasa."

A nan ne ilmin da malamanmu suka ba mu ya yi rana. Yunwar Kakalaba sananniya ce a ƙasar Kano, ta auku a 1913 zuwa 1914, kuma shekara ta 1332 ta Hijira ta faɗo daidai a kanta. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa ganin warƙar nan ba, amma maganarta da rubutun sun haɗu. Batun hari ma haka. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakunanta sun kafa mulki a Maraɗi, daga can suka riƙa kawo hari ƙasar Katsina har zuwa yammacin Kano, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Mu kuwa Gwarzo a bakin iyakar Katsina muke, duk wanda ya bi hanyar Dayi ya sani. Ba abin mamaki ba ne mai gudun hari ya zo nan neman mafaka.

Abu na uku shi ne ƙasa kanta. Gwaggo ta ce sana'ar gidan rini ce, karatu na dare ne da asuba. Baffana ya ce faufau, mu malamai ne tun fil azal. Na ɗauki wani tsoho makwabcinmu, ya kai ni gefen gonar da ake rigima a kanta, ya nuna mini waɗansu ramuka da suka cike da ƙasa, ya ce nan ce karofin gidanku, yana yaro ya tarar da bakinsu a buɗe. Gani ya kori ji. Daga baya na je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi domin tsara haraji. Irin waɗannan rahotanni ba su damu da sunan talaka ba, amma suna lissafa garuruwa da dagatai da yawan jama'a da sana'o'i, kuma sun nuna mini irin matsayin da rini da saƙa suke da shi a ƙasar Kano ta wancan zamani. Marini ba abin kunya ba ne, tufafin da aka rina a Kano har Sahara suka ƙetare.

'Yan'uwa, kada wani ya zaci gidanmu ne kaɗai labarinsa ya karkace. Ku dubi Wangarawa, malaman nan da suka zo Kano daga Mali ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaite, waɗanda ake danganta unguwar Madabo da su. Littafin Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Amma akwai wani littafi na salsalarsu, Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, Muhammad al-Hajj ya buga shi a mujallar Kano Studies a 1968, shi kuwa ya sa zuwan Shehun a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Tsakanin biyun akwai kimanin shekara ɗari. In har rubutattun littattafai na manyan malamai za su saɓa haka, ina ga abin da aka riƙe a ka? Darasin shi ne, shaida ɗaya ba ta isa ba. Sai an gwada takarda da baki, an gwada baki da ƙasa, inda suka haɗu a riƙe, inda suka rabu a ci gaba da bincike.

Kuma yankinmu ba bayan fage ba ne a tarihi. A yammacin Kano ne, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, masu jihadi suka yi hijira suka taru kafin su fuskanci Sarki Alwali, kuma sunayen Gammo da Kabo da Godiya da Ƙaraye suna cikin labarin yaƙe-yaƙen farko. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta tarihin jihadin nan a littafinsa Taƙyidul Akhbar a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ƙasar da yaƙi da hari da yunwa da fatauci suka ratsa haka, da wuya a sami gidan da bai taso daga wani wuri ba. Waninmu daga Getso, wani daga Kutama, wani daga Garo, amma in aka tona, kowa baƙo ne na jiya ko na shekaranjiya.

Sauran labarin gajere ne. Na je ƙauyen dattawan nan a ƙasar Kabo, ban gaya musu abin da na gani ba, na ce su ja mini sunayen iyayensu. Suka ja, har suka tsaya a kan sunan da ke bayan Risala, da sunan uwarsa, da sunan ubansa marini. Na komo gida jikina a sanyaye. Ranar da na faɗi sakamakon a zaure, baffana ya ce, "Kai aka aika ka kawo mana sanda, ka kawo musu." Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, abin da na tarar ke nan, kuma gara mu ba su a nan da a karɓa a Lahira." Aka kira malamin da ya san ilmin gado, a gaban dagaci, ya bi rabon tun daga kan mai gonar na farko, aka fitar musu da kasonsu. Abin da ya rage mana ya ragu ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, har da nawa. Baffa ya yarda da rabon, amma har gobe in an tambaye shi cewa yake daga Barno muke, ni kuma ba na musu da shi a gaban mutane. Da Sallar da ta wuce mutanen Kabo suka zo da mota cike, aka kai su ɗakin Gwaggo, ta kama hannun babbansu tana kuka. Wata huɗu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa. Da na yi jinkirin shekara guda, da warƙar nan ta zama suna kurum ba mai fassara shi.

Saboda haka ga roƙona. Kowannenmu in ya koma gida, ya nemi mafi tsufa a danginsu, ya fara da mata, domin su ne suka san wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Ya ɗauki murya, ya rubuta rana. In an ce "shekarar kaza", ya tambayi wane sarki ne a kan gado, ko wace yunwa, ko kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne ko bayansa. Ya buɗe gafaka da adaka, ya ɗauki hoton kowace warƙa, har da takardun rabon gado da rasit na haraji. Ya je kufai da maƙabarta da ƙafarsa. Abin da ya samu kuwa ya rubuta shi yadda yake, ko da bai yi wa gidansu daɗi ba. Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara a ware shafi biyu a wannan mujalla kowace shekara domin irin wannan aiki.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara mana zumunci.